Ramin da Yayana Ya Cike

Yayana direban tifa ne, amma wanda ya gan shi da safe zai fita sai ya rantse ma'aikacin banki ne. Riga a goge, karin wando kamar ya yanki mutum, takalmi yana ɗaukar ido. A bayan kujerar motarsa akwai ƙusar da ya kafa, nan yake rataye rigar kirki ya sa ta aiki, in zai sauko cikin mutane ya sake canjawa. Mutumin da yashi da tsakuwa ne abincinsa, amma ban taɓa ganin datti a farcensa ba. Tun yana saurayi direbobi suka laƙaba masa Tsaf, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ni dai Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, ko da yake ni ma yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

A gida ya tsotsi halin. Babanmu ya rasu muna ƙanana, Inna ta riƙe mu da wankau da guga. Tana da wata kanta a ɗaki da ta jera wa gwangwanayen madara da na shayi reras, babu ko ɗaya mai komai a ciki, amma kullum sai ta bi su da tsumma. In aka yi sallama, kafin baƙo ya gama cire takalmi ta juya tabarma ta tura yagaggen gefen ƙarƙashin gado. Akwai kuma wani wuri a tsakar ɗakin da simintin ya fashe ya yi rami, to nan ne mazaunina. Sai ta dasa ni a kai ta ce in na motsa zan gamu da ita. Na sha zama a ramin nan har ƙafata ta mutu, baƙi suna yaba ni wai yarinya mai natsuwa. Ni abin haushi yake ba ni, don duk unguwa babu wanda bai san ba mu da shi ba. Yaya kuwa ya ɗauke shi kamar karatu. Ko ranar da muka kwana da yunwa, shi ne zai fita ƙofar gida da safe yana sakace.

Bai yi nisa a makaranta ba. Ya bi wani direba yana wanke masa mota, a nan ya koyi tuƙi, ya yi wa wani ɗan kwangila aiki shekara da shekaru, har Allah ya hore masa ya sayi tsohuwar tifa tasa ta kansa. Ya yi aure, ya gina 'yan ɗakuna da falo a bayan tasha. Kujerun falon har yau da ledarsu. Matarsa, wadda nake tsokana da Uwar Leda, ta ce ta gaji da zama a kan abin da ke ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ya ce ai kujerun na baƙi ne, mu 'yan gida ga benci nan. 'Ya'yansa sun tashi da sanin cewa a gidansu ba a cewa babu. In maƙwabci ya aiko aron abin da ba su taɓa mallaka ba, sai a ce yanzun nan wani ya karɓa. Abu ɗaya yake alfahari da shi a fili: tunda ya kama sitiyari motarsa ba ta taɓa kafewa a hanya ba. A garinmu kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Garinmu yana kan babbar hanyar da manyan motoci ke bi daga tashar jiragen ruwa zuwa ƙasashen da ke bayanmu, waɗanda ba su da teku. A taswirar da ke bangon makaranta jan layi ce mai kauri. A ƙasa kuwa kwaltar ta daɗe da yi mana sallama, sai ɗan ɓurɓushi nan da can don tarihi. Wurin da ya fi muni daidai ƙofar shagona yake, inda nake sayar da kayan masarufi da lemo mai sanyi. Wani kwari ne da ruwan gari duka ke taruwa a ciki, tireloli suka yi ta tona shi har ya koma tafki. Direbobi suna kiransa Masauki, don duk wanda ya iso da damina sai ya kwana. Na ga tumatir ya ruɓe a mota har ruwansa yana ɗiga, na ga shanu sun mutu a tsaye a bayan tirela. Bangon shagona yana da zanen taɓo har ƙugu. Yaya kaɗai ya san inda zai aza taya ya wuce, ya ɗago mini hannu, rigarsa fes.

Wata rana rediyo ya ce wasu ƙasashe masu hannu da shuni sun haɗa kuɗi za a gyara hanyar, kuma tallafi ne, ba rance ba. Sai dai kuɗin ba zai kai daga farkonta har ƙarshe ba, don haka za a turo masu dubawa su bi ta da mota su zaɓi wuraren da za a yi. Shugaban 'yan tasha, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya tara mutane a filin makaranta. Duk bayanin da ya yi abu guda ne ya shiga kunnenmu: baƙi za su zo daga ƙasar waje. Aka fara maganar shara da shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti. Sai Yaya, wanda ba ya magana a taro, ya miƙe.

"Ciyaman, a gafarce ni. Mutane za su taso daga wata uwa duniya don su taimake mu, sai mu bar su su faɗa Masauki? Su koma gida su ce sun je wani gari da mutanensa ke zaune a bakin taɓo kamar kwaɗi? Wallahi ni ba zan iya haɗa ido da su ba. Ga tifata, ga maina. A ba ni masu shebur kawai."

Tafi ya tashi. Ina so a riƙe wannan da kyau, don daga baya kowa cewa ya yi ba ya wurin. Filin nan a cike yake, kuma ban ga hannun da bai tafa ba sai na mai faci. Shi ne ya ce, "To in sun zo sun tarar da hanya lafiya, me za su gyara?" Aka fashe da dariya, wani ya ce ai dole ya faɗi haka, in hanya ta gyaru wa zai kawo masa taya.

Aiki aka yi na gani na faɗa. Yaya ya ajiye duk kwangilar da ke gabansa, ya yi ta jigilar dutse da jar ƙasa daga safe har faɗuwar rana. Matasa suna bajewa, mu mata muna kawo ruwa ana yayyafawa. Ya je wurin tsohon maigidansa ya durƙusa har aka ara masa motar nan mai daddanne ƙasa. Kafin mako ya zagayo Masauki ya koma kamar tafin hannu. Ni kaina na fito na taka, na koma na sake takawa, na ce yau ƙofar shagona ta zama ƙofar mutane. A kwanakin nan ko shayi Yaya ya sha ba a barinsa ya sa hannu a aljihu.

Ranar da baƙin za su zo ya sa fararen kayansa, ya tsaya a gaban shagona da kula cike da ruwan sanyi da sababbin kofuna. Can sai ga fararen motoci a jere, ɗaya tana jan wata 'yar na'ura mai taya a bayanta. Muka gyara tsayuwa. Suka zo Masauki suka wuce sumul, ko birki ba su taka ba. Wata mata a kujerar baya ta ɗago mana hannu, shi ke nan. Muka bi su da kallo har suka sha kwana, Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi, an fita kunya." Ruwan sanyin mu muka shanye abinmu.

Garin da ke gaba da mu, waɗanda muke yi wa dariya muna cewa ko ƙofar gidansu ba sa sharewa, ba su ɗaga ko tsinke ba. A can motar baƙin ta nutse, sai da aka jawo ta da igiya. Suka wuni a wurinsu suna aune-aune da ɗaukar hotuna.

Damina ta zo, ruwan farko ya fara kwashe jar ƙasar Yaya, kafin ta yi tsakiya Masauki ya dawo gidan jiya. Ba mu damu ba, tunda gyara na tafe. Da rani aka fara aiki. Katafiloli suka taho suna zuba kwalta har gadar da ake shigowa garinmu, suka tsaya. Aka loda su a kan tireloli, aka ratsa ta gabanmu da su muna kallo, aka sauke su a bayan gari suka ci gaba. Muka ce ƙila sai a dawowa. Wani injiniya ya shigo shagona shan lemo, na tambaye shi yaushe za a zo kanmu. Ya ce ai ba ma ciki. Na'urar nan da aka ja, girgizar mota take aunawa, inda ta fi jijjiga nan ake sa kuɗi.

"Naku wurin ta nuna lafiya lau yake, Mama. Mu kanmu mun yi mamaki da muka zo muka gan shi haka. Wa ya gyara muku a lokacin?"

Shagon a cike yake da mutane. Nan take wani ya ba shi amsa, har da ƙarin gishiri. Injiniyan ya yi dariya har ya ƙware.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Mutanen da suka tafa duk suka manta sun tafa. Masauki kuwa ya ƙara lalacewa, don yanzu tireloli a guje suke tahowa a kan sabuwar kwalta ta kowane gefe, su zo su afka mana. Sunan Tsaf ya ɓace, aka koma ce wa Yaya Injiniya. "Injiniya, an fito duba aiki ne?" "Injiniya, akwai rami a ƙofar gidana, a taimaka kafin surukaina su zo." Na yi faɗa har muryata ta dushe. Akwai wani mai babur da na kora daga shago da tsintsiya, alhali da idona na gan shi da shebur a wancan makon, yana aiki yana waƙa. Amma mutum nawa zan bi da tsintsiya?

Shi bai taɓa ramawa ba. Ko sau ɗaya bai ce ai tare muka yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya daina zama a wurin mai shayi. Ya koma fita ta wata ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, mai nisa, mai cin mai, don kada ya bi ta gaban shaguna. Ya daina karɓar aikin cikin gari. In ya zo gaishe ni ta ƙofar baya yake shigowa, ya zauna a bayan katan-katan inda mai saye ba zai hango shi ba. Guga dai bai fasa ba, sai dai rigar ta fara yi masa yawa.

Abin da ya ƙarasa shi da damina ya faru. 'Yar mai shayi ta tashi da naƙuda mai wuya, asibitin da ke da likita kuwa yana can bayan gada. Motar da ta ɗauko ta ta tarar tirela ta kwanta a Masauki ta tare hanya, layi ya miƙe ta gaba da baya. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗora ta, maza suka ratsa taɓo har cinya da ita, aka nemi wata motar a ƙetare. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Babu wanda ya ce wa Yaya komai, kuma da sun faɗa da ya fi sauƙi. Ya je ta'aziyya, mai shayi ya ba shi hannu ya ce ya gode, idonsa a ƙasa. Da Yaya ya zauna a tabarma hira ta mutu, na kusa da shi suka ɗan muskuta. Matarsa ta ce mini da ya dawo ya shige ɗaki ya juya fuska ga bango, abincinsa sai yara suka ci. Na ji masa kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don da bakinsa ya ce mini shi ya kashe yaron. Na ce to sauran da suka riƙe shebur fa, fatalwowi ne? Ya ce, "Auta, su bi na suka yi."

Haka aka tafi 'yan shekaru. Sai aka ce masu tallafin sun sake ware wani kaso don cike guraben da aka tsallake, amma guraben sun fi kuɗin yawa, za a sake zuwa dubawa. Wannan karon kan mage ya waye. Ciyaman ya hana ko share ƙofar shago. Har katakan da muke shimfiɗawa a gefen Masauki don masu tafiya a ƙasa ya sa aka kwashe. Ana jibi baƙi za su zo ya ɗauki mai faci suka tafi gidan Yaya. Ina can na kai wa matarsa saƙo, don haka da kunnena na ji komai. An zaunar da su a kujerun leda.

"Tsaf," in ji Ciyaman, kuma rabon da in ji wani ya kira shi da sunan har na manta, "alfarma muka zo nema. Mutanen nan motocinsu masu ƙarfi ne, in suka sami gefe za su haura su wuce, na'ura ta rubuta abin da ta ga dama. So muke su sauko su taka da ƙafarsu. Ka cika tifarka da dutse, ka shigar da ita tsakiyar Masauki ka gicciye ta, ta kafe."

Yaya ya dube shi kamar an ce ya shiga kasuwa tsirara.

"Ni? A gaban baƙi?"

"Kai fa. Duk direban da suka tambaya a hanyar nan zai ce musu in motar Tsaf ta kafe, to hanya ta mutu. Kuma in sun sauko ba mai miƙa musu hannu, ba mai kawo kujera, ba mai kawo ruwa. Su ɗanɗana kaɗan daga abin da muke sha."

"Haba Ciyaman, wannan ai rashin mutunci ne."

"Mutuncin da muka yi wancan karon, me ya tsinana mana?"

Mai faci, wanda ya fi kowa ikon yin gori, shi ne ya sassauta murya ya ce, "Yaya Tsaf, ba don a ci fuskarka ba ne. Wallahi in aka sake tsallake mu ba za su ƙara waiwayowa ba."

Bayan sun tafi ya daɗe a zaune yana murza hularsa. Can ya ce, "Auta, ke me kika gani?"

Na ce, "Na ga 'yar mai shayi tana da wani cikin."

Na tashi na koma shago.

Ranar da baƙin za su iso an kwana ana ruwa. Da safe sai ga shi da tifar a cike, sanye da rigar aiki, abin da bai taɓa shiga mutane da shi ba. Ya tsaya a bakin ramin na ɗan lokaci injin yana kuka. Mutumin da ya san kowane dutse da ke ƙarƙashin ruwan nan, ya bar inda ya san ƙasa tana da ƙarfi ya karya kan motar zuwa inda ya san babu. Ta shiga, ta karkace, ya yi ta ba ta wuta tayoyin baya suna haƙa har taɓo ya kusa matakalar ƙofa, sannan ya kashe ta. Wasu matasa suka fara tafi, Ciyaman ya daka musu tsawa. Yaya bai dubi kowa ba, ya kafa ido a kan sitiyari.

Kafin hantsi layin tireloli ya toshe ko'ina. Baƙin suka iso suka tarar babu ko hanyar akuya, dole suka sauko. Shugabansu wani tsoho ne siriri mai farin gashi, da farar riga da tabarau, yana ɗan ɗingishi. Ya girmi Yaya nesa ba kusa ba. Abokan tafiyarsa suka so ya jira a mota, ya ƙi, ya ce ta bakin tafinta yana so ya ga ɗaya gefen da idonsa. Ya naɗe ƙafar wando ya shigo, yana bin jikin tifar yana dafawa. Gari duka muna tsaye a bakin shaguna, hannuwa a harɗe, ko tari babu mai yi.

Daidai ƙofar direba santsi ya kwashe shi. Ya faɗi ta gefe, taɓo ya rufe masa rabin fuska, tabarau ya yi nasa wuri. Mutanensa suna can baya, kowa ƙafarsa ta maƙale, sai kiransa suke yi. Tsohon ya yunƙura, ya koma. Sai ya fara lalube cikin taɓon da hannu biyu yana neman tabarau. Tsakaninsa da Yaya bai fi a miƙa hannu ba.

Daga ƙofar shagona ina ganin komai. Na ga ƙofar tifar ta buɗe kaɗan, na ga ƙafar Yaya ta sauko kan matakala. Ciyaman ya yi gyaran murya, amma ba na jin wannan ne ya tsayar da shi. Mai shayi yana tsaye a ɗaya gefen, daidai inda Yaya zai gan shi. Kallonsa kawai yake yi. Ƙafar ta koma ciki, ƙofar ta rufe a hankali.

Tsohon ya sami tabarau ɗinsa, ya rarrafa ya kama tayar tifar ya miƙe da kansa. Ya goge gilashin da ɗan gefen rigar da ya rage fari. Sai ya ɗaga kai ya dubi Yaya ta taga, ya dafa ƙirji ya yi magana. Tafintan da ya iso yana haki ya fassara da ƙarfi, kowa ya ji.

"Ya ce sannu, direba. Ya ce ka yi haƙuri, ya ga irin wahalar da kuke sha, kuma ya ji kunya ƙwarai da wancan karon aka wuce ku."

Yaya ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa sitiyari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da rabin garinmu sun shige, kuma ni ce zan riga kowa. Baƙin ba su daɗe ba. Suka auna, suka ɗauki hotuna, aka shimfiɗa wa tsohon jarida a kujera ya zauna da taɓonsa, suka juya. Sai da yamma aka jawo tifar da sarƙa, Yaya ya tafi gida ta cikin gonaki.

An sa mu a ciki. Yau in ka zo kwalta ce shimfiɗe a ƙofar shagona, da babban kwalbati a ƙarƙashi, sababbin direbobi ba su ma san an taɓa kiran wurin da wani suna ba. 'Yar mai shayi a asibiti ta haihu, yaron har ya fara gudu. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba. Amma in aka yi maganar hanyar nan, ranar da rediyo ya faɗi sunan garinmu a cikin waɗanda aka zaɓa ita ce take faɗo mini.

Ranar gari ya ruɗe. Waɗanda suka fi kowa kiran Injiniya su ne a gaba, aka ɗunguma zuwa gidan Yaya, masu babura suna danna hon, Ciyaman yana shela cewa ranar buɗe hanya kusa da manyan baƙi za a ajiye masa kujera. Har mai shayi yana cikinsu, a can baya, ya riƙo filas ɗin shayi. Matar Yaya ta leƙo ta yafito ni, ta ce in shiga in fito da shi, ita ta yi ta yi ya ƙi.

Na same shi a bayan gida, a kan benci kusa da durom ɗin ruwa, ba ya yin komai.

"Yaya, tashi ka fito mana. An wanke ka. Gari duka yana ƙofarka."

Ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Auta, shagonki ne ya fi kusa. Ni kaina yana ƙasa, ban gani ba. Da tsohon nan ya fita daga taɓon, akwai wanda ya zuba masa ruwa ya wanke ko hannu?"

"Yaya, ai ka ji abin da Ciyaman ya ce."

"Na ji. Ke nake tambaya. Akwai?"

"Babu."

"Ko mutum ɗaya?"

"Babu, Yaya."

Ya gyaɗa kai. A waje ana ta tafi ana cewa ya fito.

"Ki ce musu ba na nan."

"Motarka tana ƙofar gida, kowa yana ganinta."

"Ki dai faɗa musu."

Na fita na ce musu ba ya nan. Aka yi caa a kaina, kowa yana nuna mini tifar. Mai shayi ne kaɗai bai yi gardama ba, ya ajiye filas ɗin a bakin ƙofa ya juya.